Tun Ranar da Na Faɗi a Asembili

Talata, 6 ga Mayu, da hantsi

Ban je makaranta ba. Ina kwance na ji 'yan layinmu suna wucewa, takalmansu na ƙara a bayan katanga. Da suka zo daidai ƙofar gidanmu sai hira ta mutu, ba su ci gaba ba sai da suka sha kwana.

Harshena ya kumbura ta gefen dama. Ko koko ba ya shiga sai da dabara.

Umma ta wanke yunifom ɗina jiya, yau ma ta sake wanke wandon. Ba ta shanya a igiyar tsakar gida ba, bayan ɗaki ta kai.

Ga abin da nake iya tunawa. Jiya Litinin aka naɗa sababbin shugabannin ɗalibai daga cikinmu 'yan aji biyar, tunda 'yan aji shida sun shiga jarrabawar fita. Maza na layinsu, mata na namu. Firinsifal, Hajiya Nana Hadiza, ta kira sunana a matsayin hedgel, shugabar ɗalibai mata, na hau baranda, ta maƙala mani bajo a hijabi. Aka tafa. Aka miƙo mani lasifika. Na yi sallama, na ji an amsa. Sai na ji wani wari kamar ana ƙona roba.

Daga nan sai ɗakin malamai. Ina kan tabarma, an lulluɓe ni da zanen da ba nawa ba, malamar ajinmu Malama Hawwa'u na goge mani baki tana cewa, "Sakinatu, kin gane ni?"

Abin da ke tsakani, makaranta duka ta gani. Ni kaɗai ce ban gani ba.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan Azahar

Ban fita ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan La'asar

Matan unguwa na ta shigowa yi ma Umma sannu. Daga tsakar gida suke tsayawa. Wata ta ce iska ce, ai makarantun nan da manyan itatuwa ba a rasa su. Wata ta ce baki ne, yarinya ta cika fice. Wata ta tambayi Umma ko a dangin Baba akwai mai irin wannan. Umma ta ce, "Allah ne masani," ta ci gaba da tankaɗe.

Lauratu ba ta zo ba. Tun aji ɗaya bencinmu guda. Tsakanin gidansu da namu ko ruwa ka ɗora a wuta ba zai tafasa ba ka je ka dawo.

Malama Hawwa'u ta zo da aka tashi. Na juya fuskata bango, na yi kamar ina barci. Ta zauna bakin gadon, har na ji katifa ta lotsa. Ta ce ma Umma a kai ni asibiti, kada a bari ya kwana biyu. Ta ce wurina na nan a aji. Ta daɗe zaune. Na san ta san idona biyu, don ba mai barci da ke riƙe numfashi haka.

Baba ya dawo daga gonarsa ta Zobe da yamma. Ya leƙo ya ce, "Ya jikin?" Na ce da sauƙi. Shi bai dube ni ba, ni ban dube shi ba. Da ya juya zai fita na ce, "Baba, a kai ni Kurfi wurin Goggo." Ya tsaya, bayansa nake gani. Ya ce to.

Asabar, 10 ga Mayu, Kurfi, kafin Magariba

Nan ba wanda ya sani, in ban da Goggo Kubra, yayar Baba. Ta ce ma maƙwabta na zo hutawa ne, zazzaɓi ya kayar da ni.

Gidan duk ƙamshin gyaɗa, sana'arta ke nan, mai da ƙuli-ƙuli. Ta karɓo mani rubutu, ta turara mani wani abu mai sa tari. Na sha, na shaƙa. Ta ce, "Mi kike ma kuka? Mutum ya faɗi ya tashi, shi ke nan." Ba ta san a gaban wa na faɗi ba. Ba ta san sauran ba. Ko ta sani, Umma ta faɗa mata, tana yi mani kara ne.

Litinin, 12 ga Mayu, da safe

Yanzu haka ana asembili. Na san wanda ke kaɗa ƙararrawa, na san Malam Atiku mai ladabtarwa yana tsaye bakin get da bulalarsa a hammata yana tara 'yan latti. Wani zai karanta labarai. Wata za ta tsaya inda ya kamata in tsaya. Aisha Humaira ce, mataimakiyata. Muryarta ba ta kai layin baya.

Darasin farko Lissafi, Malam Mahmuda. Bayan shi Turanci. Bayan tara a shiga ɗakin gwaji.

Ba a banza na samu bajon nan ba, shi ya sa abin ke ci na. Malaman aji ne ke ba da sunaye, a duba sakamakon mutum da zuwansa makaranta tun daga aji huɗu, sannan a kira ka gaban malamai su yi ta jefo maka tambaya. Suka ce in aka ba ni me zan yi. Na ce zan raba 'yan aji biyar, kowa ya ɗauki ƙanne daga ƙananan azuzuwa ya riƙa zama da su ranar Laraba bayan tashi, masu rauni a karatu da Lissafi. Dama ina yi da wasu 'yan aji biyu a gindin itacen bedi. Malam Badamasi na ofishin ba da shawara ya ce, "Wannan ita ce." Na fito ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

'Yan aji biyun nan suna layin gaba ranar Litinin. Dab da baranda.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan La'asar

Yau na yi abin da ya fi na ranar Litinin muni, don wannan ina cikin hankalina na yi shi.

Ina tsince gyaɗa na ji sallama a zaure. Muryar Malama Hawwa'u ce, da ta namiji a bayanta. Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ajiyar buhuna na turo ƙyaure ba. Na ce ma Goggo ta ce ba ni nan. Goggo mai shekara sittin da wani abu, mai tasbaha a wuya, ta fita ta ce ma baƙi an aike ni.

Takalmana na bakin ƙofar ɗakin. Sandal ɗin makaranta, kowa ya san su.

Malam Badamasi ne namijin, ya tsaya a zaure. Malama ta shigo, Goggo ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce a'a, ta ja kujerar tsugunno ta zauna kusa da ƙyauren da nake ciki. Ta ɗaga murya kamar Goggo kurma ce.

Ta ce, "Hajiya, in ta dawo ki faɗa mata an yi zaman malamai a kanta. Ba a cire sunanta a ko'ina ba. Jarrabawar tantancewa ta shiga aji shida ranar biyu ga wata mai kamawa za a fara, wanda bai zauna ba sai ya maimaita shekara. Ga wannan, kowane malami ya haɗa mata abin da aka yi a bayanta."

Na ji ta ajiye leda.

Sai ta rage murya, ta yi magana da ƙyauren kai tsaye. "Ki kuma faɗa mata, abin da take zaton maza sun gani, ba su gani ba. Tana faɗuwa Malam Atiku ya daka tsawa, ya ce duk namiji ya juya ya fuskanci katanga, wanda ya waiwayo shi da shi ne. Har malamai maza suka juya. Shi ma ya juya. Mu mata muka kewaye ta. Matan ma ba duka suka gani ba."

Ba duka ba. Wato wasu sun gani.

Na cusa bakin hijabi a baki don kada a ji ni. Ta jira. Kaji na ta tsattsage gyaɗar da na bari a faifai, ba wanda ya kore su. Can ta miƙe ta ce za su koma kafin motocin Dutsin-Ma su yi wuya.

Bayan tafiyarsu Goggo ta buɗe ƙyauren ta ce, "Kin sa na yi ma malamai ƙarya a gidana. Matar nan ko ruwa ba ta sha ba."

Alhamis, 15 ga Mayu, da hantsi

Malam Atiku. Shi da ya taɓa sa ni tsintar leda a filin ƙwallo don na makara. Shekara biyar ina tsanar mutumin nan.

Ban buɗe ledar ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan Azahar

Abin da ya kayar da ni ya sake dawowa jiya. Ina taya Goggo suya.

Da hagu nake rubutun nan kamar 'yar aji ɗaya. Hannun dama na naɗe. Goggo ta ce Allah ne ya sa gefe na faɗi, ba cikin kaskon ba, hannun ne kawai ya bugi bakinsa. Ita ta janye ni. Ita ta canza mani zane.

Na farka na same ta zaune a ƙasa tana kuka da ƙarfi kamar an yi mutuwa. Yau ba ta ce mutum ya faɗi ya tashi ba. Ta ari waya ta kira Baba ta ce, "Audi, zo ka ɗauki ɗiyarka ka kai ta inda malamarta ta ce. Wannan ya fi ƙarfina."

Litinin, 19 ga Mayu, Dutsin-Ma, bayan La'asar

Baba da kansa ya nemi lambar Malama Hawwa'u. Ta nemi izini a makaranta ta same mu a asibiti. Na gaishe ta kaina a ƙasa. Ba ta tayar da zancen Kurfi ba. Ta kama hannuna mai ciwo ta juya shi a hankali ta ce, "Da wanne za ki rubuta jarrabawa?"

Likitan ya yi ta tambaya. Malama ce ta ba da labarin ranar Litinin, tun daga farko, a gabana, a gaban Baba. Yadda jikina ya sandare, yadda ya kama karkarwa, tsawon lokacin da ya ɗauka, da sauran. Duk ta faɗa. Na ƙura ma wata tsaga a siminti ido har aka gama.

Ya tambaye ni barci. Na ce tun da aka fara zancen naɗin nan da jarrabawa ba na yin na kirki, goro nake ci don in yi karatu. Baba ya ɗago ya dube ni, karon farko tun ranar.

Likita ya faɗi sunan ciwon. Sunan da kowa ya sani ne, wanda yara ke zagin juna da shi. Ya ce ba a ɗaukarsa, ko ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci tare. Ya ce ƙwaya safe da yamma ba fashi, barci isasshe, ban da zama kusa da wuta, ban da leƙa rijiya, ban da zuwa bakin dam ni kaɗai. Sai mun je Katsina an yi hoton kai kafin a san dalili, wataƙila ma ba za a sani ba.

Baba ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Likita, za ta iya ci gaba da boko?"

Ya ce, "Me zai hana? Akwai masu shi da ke aiki a asibitin nan."

Baba ya ce, "Za ta rabu da shi?"

Likita ya ce wasu na rabuwa, wasu na zama da shi. Baba ya mayar da hularsa a karkace, har muka iso gida ba wanda ya faɗa mashi.

Laraba, 21 ga Mayu, da hantsi

Maganin na sa ni barci kamar an danne ni da buhu. Na buɗe ledar. Malamar Turanci ta sa an kwafe mani komi da kyakkyawan rubutu, na gane hannun Aisha Humaira ne. Malam Mahmuda ya zagaye wasu tambayoyi da jan biro, ya rubuta a gefe wai waɗannan na iya su, kada in ɓata lokaci, in duba na shafin baya. Na duba na shafin baya. Ban iya ko ɗaya ba. Na karanta layi guda sau nawa ban san me ya ce ba.

In kaina ma ya tafi fa?

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan an sauko Masallaci

Lauratu ta zo.

Ta tsaya bakin ƙofar ɗaki, ba ta cire takalmi ba. Ta rame. Ta ce, "Sakina, ya jiki?" Na ce ga shi kina gani.

Ta ce Mamarta ce ta hana ta zuwa, yau ma cewa ta yi za ta kai niƙa. Sai ta fashe da kuka ta ce ba wannan ba ne kawai. Ta ce ranar tana kusa da baranda, ita ce mafi kusa da ni cikin ɗalibai. Da na faɗi ta ga fuskata, sai ta ruga. Har bayan ɗakin gwaji ta kai kafin ta san gudu take. Ta ce kullum in ta kwanta sai ta ga kanta tana gudu.

Ban san haka ba. Da ba ta faɗa ba da ban taɓa sani ba.

Sannan ta ce wasu iyaye sun je wurin Firinsifal, sun ce ba su yarda 'ya'yansu su zauna aji ɗaya da ni ba. Babanta na ciki. Gobe an kira taron iyaye da malamai.

Wato gobe manyan mutane za su bar kasuwa da gona su taru a ɗakin taro, a kaina. A kan abin da jikina ya yi.

Ta matso za ta taɓa bandejin hannuna. Na janye. Na ce, "Tafi, kada ki kwasa ki kai ma Mamarki."

Ta tsaya kamar na mare ta. Ta fita. Umma na tsakar gida, ta ji komi. Ta ce, "Yarinyar nan ta yi ƙarya don ta zo ganinki." Goggo ta yi ƙarya saboda ni, Lauratu ta yi ƙarya saboda ni. Ni kuma ga abin da nake saka ma mutane da shi.

Asabar, 24 ga Mayu, kafin Magariba

Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi taron. Bai taɓa zuwa ba, kullum yana gona, ƙanensa yake turawa.

Da ya dawo bai shiga ɗakinsa ba. Ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakina, yana ba Umma labari, amma ni yake ba.

Ya ce ɗakin ya cika. Firinsifal ta gayyato wata ma'aikaciyar jinya ta yi bayani, ta ce ba a ɗauka. Wani ya ce su dai tun kakanni sun san ana ɗauka. Baban Lauratu ya miƙe ya ce shi ba ya ƙin kowa, amma ɗiya ɗaya gare shi mace, a ba yarinyar nan wuri daban ta yi karatunta. Aka yi ta hayaniya. Shugaban taro ya ce ga mahaifinta nan, a ji ta bakinsa.

Baba ya ce ya miƙe. Ya ce duk abin da ya shirya tun daga gida ya bi iska. Ya tsaya, mutane na kallonsa, ya ce, "Ɗiyata ce." Ya sake cewa, "Ɗiyata ce." Sai ya zauna.

Yana faɗa yana dariyar kansa, irin dariyar da ba ta da daɗin ji. Ni na ja ma Baba wannan tsayuwar.

Ya ce daga ƙarshe Firinsifal ta ce ita ba ta da ɗakin ware ɗalibi, kuma ba za ta gina ba. Aji biyar kashi biyu ne, A da B. Duk wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya zo ranar Litinin a mayar da ɗansa B. Amma Sakinatu ba ta motsawa daga inda take.

Ta ce in je ta gan ni, bayan an tashi in na fi son haka.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan La'asar

Na je da Umma, makaranta ta watse sai masu shara. Sai da muka bi ta gaban barandar. Na kauda kai, amma na riga na gani. An wanke wurin, ya fi sauran simintin haske. Ko kuwa idona ne.

Ofishin Firinsifal akwai Malama Hawwa'u da Malam Badamasi. Ba su yi mani jaje ba, na gode ma Allah. Hajiya ta ce, "Zauna, ga yadda muka tsara."

Zan koma bencin gaba kusa da ƙofa, inda iska ke shiga. An koya ma malaman ajinmu da ɗaliba mai kula da lafiya abin da za su yi in ya zo: a kwantar da ni ta gefe, a janye benci, kada a cusa mani komi a baki, kada a watsa mani ruwa, a fitar da maza. Malama ta ajiye zane a durowarta. Da ta faɗi haka na ji kamar in nutse. A ɗakin gwaji ba ni ba kunna wuta. In barci ya ci ƙarfina akwai tabarma a ofishin Malam Badamasi, ba sai na nemi izini wurin kowa ba. In hannuna bai warke ba za su nema mani ƙarin lokaci a jarrabawa.

Na ciro bajon daga jaka na ajiye a kan tebur. Na ce a ba Aisha Humaira.

Hajiya ta dube shi, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ba zan ɓoye maki ba, malamai sun rabu. Akwai masu cewa nauyin zai yi maki yawa, kuma ba mugunta ce ta sa su faɗa ba. Ni ma ban gama yanke shawara ba. Amma ba zan karɓi wannan daga hannun yarinyar da ba ta zuwa makaranta ba. Ki dawo, ki zauna jarrabawa. Bayan nan ki zo ki faɗa mani abin da kike so da bakinki, ni ma in faɗa maki nawa."

Malam Badamasi ya ce, "'Yan aji biyunki sun zo ofishina sau biyu. Suna tambaya ko an daina karatun Laraba."

Na ce, "Malam, sun gan ni fa."

Ya ce, "Sun gan ki. Shi ne suka zo tambaya."

Muna fita muka yi kiciɓis da Malam Atiku yana kulle azuzuwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Gobe bakwai da rabi nake rufe get. Ban ware kowa ba." Ya wuce da makullansa.

Talata, 27 ga Mayu, da hantsi

Na sa yunifom. Na kai har kwanar mai shayi, ina hango get. Na ga layin maza.

Na dawo.

Umma ta ga shigowata, ta ci gaba da wanke-wanke.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan La'asar

Malama Hawwa'u ta biyo ta gidanmu da sassafe, a ƙasa, ta bar mai babur ɗinta ya wuce. Ta ce ba ta zo lallashi ba, ta zo rakiya. Muka jira a ɗakin malamai har aka gama asembili, sannan ta shiga aji ina bayanta.

Aka yi tsit. Ban taɓa jin ajinmu haka ba. Wurare huɗu ba kowa, an koma B. Ɗaya na Lauratu ne.

Na zauna a bencin gaba ni kaɗai. Aisha Humaira ta kwaso littattafanta ta dawo kusa da ni, ta ce wai daga baya ba ta ganin allo. Ƙarya ce, idonta ya fi na kowa. Ta bar ɗan fili tsakaninmu, kamar tafin hannu. Ban ga laifinta ba.

Wani daga layin maza ya yi wani sauti da maƙogwaro, irin na shaƙewa. Biyu suka yi dariya. Malam Mahmuda bai juyo daga allo ba, ya kira sunan yaron, ya ce ya je ya jira shi wurin Malam Atiku. Sannan ya ce, "Sakinatu, me za mu fara yi a nan?" Na miƙe. Na ba da amsa. Ba daidai ba ce. Ya ce, "A'a, sake dubawa," kamar yadda yake ce ma kowa. Na sake dubawa na gano. Wannan a'ar ta fi mani duk sannun da aka yi mani a wata ukun nan, ko sati uku ne, na rasa lissafi.

Bayan tara barci ya kayar da ni, na je na kwanta a ofishin Malam Badamasi. Da aka tashi na tarar da 'yan aji biyu a gindin bedi. Da su tara ne, biyar suka zo. Ƙaramarsu ta ce, "Anti, da zafi?" Na ce ban sani ba, ba na nan lokacin. Suka yi dariya, ni ma na yi. Muka yi lissafin rabawa.

Juma'a, 30 ga Mayu, bayan Azahar

Akwai randa a baranda tsakanin A da B, da moɗa guda ɗaure da igiya. Jiya da shekaranjiya ban sha ba, na haƙura har gida. Yau zafi ya yi yawa, hadari ya taso ya ƙi zuba, maganin kuma na busar da maƙogwaro. Da aka fita tara na je na ɗiba na sha.

Na ajiye moɗar a kan murfi. Akwai 'yan mata a bayana suna jira, ba wadda ta matso. Wata ta ce ita dama ba ƙishi take ji ba. Na tsaya a wurin, na kasa tafiya, na kasa juyowa.

Sai ga hannu ya wuce ta gefena. Na san awarwaron. Lauratu ce, ta fito daga B.

Ta ɗauki moɗar. Ta ɗebi ruwa kaɗan, ta juya shi a ciki, ta watsar. Sannan ta cika ta sha, ta shanye duka, ruwa na bin haɓarta. Ta miƙa ma ta bayanta, ta koma ajinsu. Ba ta dube ni ba, ban yi mata magana ba.

Tun da na dawo gida nake juya abin. Ta ɗauraye. Na gani da idona, ta ɗauraye. Amma ai kowa na ɗauraye moɗa, ni ma ina yi. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko da can tana ɗaurayewa in na sha na ba ta, shekara biyar muna sha tare, na kasa tunawa.

Kuma ƙanwar Babanta na aji shida, tana tsaye a wurin. Kafin Magariba labari ya kai gidansu.

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan La'asar

An yi ruwa jiya, Baba ya tafi shuka. An kwance mani bandeji, fatar wurin ja ce, amma ina iya riƙe biro.

Na aiki Umma gidan su Lauratu, tunda ni ba za a bar ni in shiga ba. Na ce ta ce mata maganar da na faɗa mata ranar da ta zo gidanmu ta yafe mani. Umma ta dawo ta ce Mamarta ta amsa sallama daga ciki, ba ta ba ta wurin zama ba. Lauratu ta biyo ta zaure da gudu, ba ɗankwali, ta ce a faɗa mani a jarrabawa ba A ba B, jerin sunaye ake bi, kuma ta je ta duba, layinmu ɗaya, mutum uku ne tsakani.

Gobe Lissafi. Na sha maganin safe, saura na yamma.